Azumin Albasa

Mahaifina manomin albasa ne a Garou, kuma a duniya ba abin da yake tinƙaho da shi kamar irin albasarsa. Yana ajiye shi cikin wata tsohuwar gora da ke rataye a ɗakinsa, ya ce kakansa ne ya zo da shi, daga hannu zuwa hannu har ya iso gare shi. Mu 'ya'yansa bai taɓa yabonmu a gaban baƙo ba, amma duk wanda ya shigo gidanmu sai ya sha tarihin albasar nan. Gonarsa tana jingine da ta wani tsoho wanda shi ma yake cewa nasa irin na gado ne, kuma ya fi namu. A kan wannan magana suka yi shekara ashirin ba sa gaisawa. Baba ko sunansa ba ya kira, "wancan" kawai yake cewa.

Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Malanville lokacin da wata malamar jami'a ta zo daga kudu binciken ƙwayoyin halittar albasa. Ba ta jin Dendi, ba ta jin Hausa, sai Faransanci, don haka aka ce in yi mata tafinta tunda ni 'yar Garou ce. Ta bayyana mini cewa za ta yanki ganye kaɗan a kowace gona ta kai ɗakin bincike, na'ura ta karanta abin da kowace albasa ta gada daga iyayenta, a gane wacce ce 'yar uwar wacce. Na rasa yadda zan faɗa wa tsofaffi wannan, sai na ce musu za a auna jinin albasa a gano asalinta. Duk abin da ya biyo baya ni na jawo shi da bakina.

Baba ya yi murna ba kaɗan ba, don a ganinsa ranar tonon asirin wancan ta zo. Inna kuwa ta ja ni madafa da la'asar, ta rufe ƙofa.

"Ke, wagga na'ura tana ganin ƙarya?"

Na ce wace irin ƙarya? Ta zauna a kan turmi ta ba ni labari. Shekara goma sha biyu da suka wuce, Baba ya tafi Parakou da lodin albasa, aka yi ruwa mai ƙarfi ya huda rufin ɗakinsa, ya cika gorar. Kafin ta farga irin ya ruɓe gaba ɗaya. Ta wanke gorar ta shanya, ta bi ta bayan gida wurin matar wancan, domin su matan ba su taɓa shiga faɗan mazansu ba, ta roƙo iri ta zuba ta mayar da gorar inda take. Tun daga nan jikokin albasar abokin gabarsa Baba yake shukawa.

"In yaj ji, ban san inda zan sa kaina ba," in ji ta. "Ke ce bakin madam. Ki san yadda za ki yi."

Raina ya ɓaci, na kuma ji tausayinta. Na ce mata ni tafinta ce, ba ni nake rubuta sakamako ba.

Ana gobe malamar za ta zo, Baba ya hana a kunna injin ban-ruwa. Yayana ya tambaye shi dalili, ya ce duk wanda ya taɓa zuwa gidan likita ya san ba a ɗibar jinin mutum sai bai ci komai ba, albasa kuwa ruwa ne abincinta. Wancan ya leƙo ta kan iyaka ya ga ƙasarmu a bushe, ya bincika ya ji dalili, shi ma ya kashe nasa injin. Motar jami'a ta lalace a hanya, malamar ta yi lattin kwana biyu, kuma ba wanda ya yarda ya riga ɗan uwansa karya azumin. Da muka iso a kan kabu-kabu, ganyen gonakin biyu ya kwanta ya yi laushi, tsofaffin kuma kowanne yana tsaye a bakin tasa cikin babbar rigar Jumma'a.

Malamar ta dubi gonar ta tambaye ni ko cuta ce ta kama ta. Na ce mata azumi take yi. Ta ɗauka Faransancina ne ya gaza, ta rubuta wani abu a littafinta ba ta ƙara tambaya ba.

Ta yanki ganye ɗan mitsitsi ta jefa a kwalba, ta manna takarda mai lamba goma sha huɗu. Baba ya ce shi ke nan jinin? Na ce shi ke nan. Ya tambayi lambar wancan, na ce goma sha uku. Nan fa ya tubure, wai tun ba a fara awo ba an sa shi baya, lalle an saye madam. Sai da na rantse masa cewa a jami'a daga ƙasa ake fara ƙirga na ɗaya, sannan ya bari muka wuce, ya aika a kunna inji.

Bayan wata bakwai malamar ta dawo, aka tara manoma a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, mata suna zaune daga baya. Ta buɗe wata babbar takarda mai zanen reshe-reshe, kowace lamba a bakin reshenta. Tun kafin ta yi magana na hango goma sha uku da goma sha huɗu manne da juna a kan reshe guda. Ta ce waɗannan biyu abu ɗaya ne, na'ura ta kasa raba su. Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai. Na juya na ce wa taro madam ta ce suna ɗan kama da juna ta wajen nesa.

Na manta wancan ya yi shekaru yana kai kaya Cotonou, yana tsintar Faransanci. Ya miƙe tsaye.

"Ƙarya kike, ɗiyar nan! Guda tac ce. Irina ya sata!"

"Ni in saci wagga ciyawa taka?" in ji Baba.

Malamar ta ɗaga hannu, ta ce ba ta gama ba. Akwai na uku a reshen, mai lamba sifili. Wannan irin albasa ne na cikin kwali da ta saya a kasuwar Malanville don gwaji, kuma shi ma daidai yake da nasu. Wannan karon na fassara yadda yake, don ba ni da sauran dabara. Daga baya matar wancan ta gaya wa Inna cewa ɓera ya riga ya cinye irin mijinta tun kafin namu ya ruɓe, ta sayo na kasuwa ta mayar masa, daga ciki kuma ta sam mata.

Amma a ranar tsofaffin nan wani abu dabam suka fahimta. Suka dubi juna, karon farko cikin shekara ashirin.

"Malam, ka ji?" in ji wancan. "Mai kwali ya sace muna iri, shina saidawa."

"Wallahi na jiya. Gobe mu tahi ga jandarma."

Suka tafi gida tare suna shawarar wanda zai fara magana a gaban hukuma. Mai sayar da irin kuwa wani bawan Allah ne gurgu da kowa ya sani a bakin kasuwa, wanda ko hanyar Garou bai sani ba.

Washegari da safe Baba ya sa rigarsa, yana neman hularsa, Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba inda za shi. Ta faɗa masa komai, ruwan, gorar, matar wancan, ba ta rage ko kalma ba. Ina tsakar gida ina jira ya yi tsawa, don na san halinsa. Sai ya zauna a bakin gado.

"Shekara goma sha biyu kina kallona ina cika baki?"

"Ina kallonka kana noma," in ji Inna. "Da na hwaɗa maka a lokacin, da ba ka sake shiga gona ba. Mi za mu ci?"

Ya sunkuyar da kai. Na ɗauka fushi da ita yake yi, na matsa kusa don in ba da haƙuri. Da ya ɗago, sai na ga idonsa ya cika da hawaye, abin da ban taɓa gani ba.

"Kullum ina cinta cikin miya," ya ce. "Ina shinshinarta, ina riƙe ta da hannuna. Ta kakana ta tahi, kuma ban gane ba."

Ya tuɓe rigar a hankali ya miƙa wa Inna ta ninke.