Alu Mai Guga da Igiyar Birnin Kebbi

A Katanga aka haifi Alu, a gidan da rijiyarsu ta kai gaba goma sha huɗu. Bai yi boko ba, allo ma bai yi nisa ba. Abin da ya iya shi ne jan ruwa. Hannu na bin hannu, dama ta kama, hagu ta saki ta cafko gaba, har guga ya fito cike bai yi tangaɗi ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa duk kanta, in ya gaisa da mutum sai ka ga mutumin yana duba yatsunsa. Ba shi da yawan magana, kuma ba shi da sauƙin kai. Wanda ya ce maka Alu mai haƙuri ne, to bai zauna da shi ba.

Da ya yi aure sai ya koma Aliero noman rani. Ya sami fili a fadama, ya haƙa rijiyarsa da kansa, yana dasa albasa. A lokacin babu jami'a a garin, injin ban ruwa kuwa sai gonar wane da wane. Da asuba babu abin da kake ji a fadama sai ƙarar guga na faɗawa ruwa da muryoyin maza suna tsokanar juna daga rijiya zuwa rijiya. In an yi girbi, warin albasa har cikin tufafin da ke akwati. Matarsa Tabawa ce ke kai masa fura da hantsi, kuma ita kaɗai ce ke gaya masa magana son ranta ya yi shiru.

A bazarar 1992, 'yan watanni bayan an yanke Kebbi daga Sakkwato, wata gingimari da ta ɗauko albasa ta kafe cikin rairayi a hanyar Jega. Aka ɗaura mata igiya, maza wajen ashirin suka kama, Alu a gaba. Cikin waɗanda suka tsaya kallo akwai Malam Sa'idu, malamin motsa jiki a wata makarantar Jega, siriri mai yawo da usur a wuya ko ranar da ba makaranta. Da motar ta fito sai ya jingine kekensa ya ce musu sabuwar jiha za ta yi gasar wasanni, kuma har da jan igiya a ciki. Aka yi masa dariya. Alu ya tambaye shi ko mota za a kawo a ja, Malam ya ce a'a, mutane za su ja mutane. Alu ya ce wannan ai ya fi sauƙi.

Haka ƙungiyar ta fara. Mutum takwas ne: uku manoman albasa daga Aliero, biyu 'yan dako daga kasuwar Jega, uku daga ɓangaren Maiyama. Cikin na Maiyama akwai Tamu, Bafulatanin Gumbin Kure, dogo mai nauyin ƙashi, shi aka sa a ƙarshen igiya yana naɗa ta a baya. Jega ce tsakiya, don haka a nan suke haɗuwa kowace Laraba bayan la'asar, kowa a kan kekensa. Igiyar Alu ne ya tufka ta da rama, kwana tara yana yi. Malam Sa'idu ya raɗa wa ƙungiyar wani dogon suna ya rubuta a littafi, amma babu wanda ya riƙe shi. 'Yan Guga mutane suka ce, shi ya bi su.

Shekarar nan sun ci kowa. Mahautan Jega, masu lodin mota, samarin wani ƙauye da suka zo da makaɗinsu, duk an jawo su. Babu alƙali, babu doka, layi kawai ake ja a ƙasa da ƙafa. Alu na gaba, yana cin igiya hannu bayan hannu kamar yana bakin rijiya, tana taruwa tsakanin ƙafafunsa, abokan karawa na tahowa suna tirjiya. Masu rake da masu gyaɗa sun san Laraba. Tsofaffi kan shimfiɗa buzu a gindin darbejiya tun kafin a fara. Wanda aka kayar ya karkaɗe rigarsa, a sha kunun zaƙi tare, kowa ya hau kekensa kafin magariba.

A ƙarshen shekara Malam Sa'idu ya je taro Birnin Kebbi ya dawo da takarda mai shafi biyu. Ya tara su ya karanta yana fassarawa. Ba a zama a ƙasa. Ba a naɗa igiya a hannu. Sannan ya ce ba a matsar da hannu a kan igiya, inda ka kama nan za ka riƙe har a gama, da ƙafa ake ja, ana takawa da baya. Duk wanda ya canza hannu, gargaɗi ne a kan ƙungiya duka. Gargaɗi na uku a fitar da su takwas ɗin.

Kowa ya juya ya dubi Alu.

"Malam," in ji Alu, "wanda yar rubuta wagga takarda ya taɓa jan guga?"

Malam Sa'idu ya ce bai sani ba, amma ko wane ne, shi ne zai riƙe usur a Birnin Kebbi.

Aka gwada. Sauran bakwai suka kama abin cikin kwana ɗaya, don dama su riƙewa suke yi, Alu ke ci. Shi kuwa da ya ji igiya ta ɗan yi sako-sako sai hagunsa ta tashi ta cafko gaba, bai ma sani ba. Usur. A sake. Usur. Ranar sau goma sha ɗaya Malam ya hura masa. Laraba ta biyu Alu ya ɗaure yatsunsa da tsumma, tsumman ya yage. Malam Sa'idu ya kira shi gefe, ya cire hula ya mayar, ya gaya masa cewa saura mako huɗu a tafi, in hannun nan bai zauna ba zai sa wani ɗan dako a gaba, shi Alu ya biyo su da tulun ruwa. Ya faɗa da ladabi, yana kiransa Malam Alu, amma bai rage komai ba.

Matsalar a fili take. Gasar ta faɗo tsakiyar noman rani. Kowace safiya Alu na jan guga sama da ɗari don albasarsa, wato abin da Malam ya hana shi ranar Laraba, shi yake koya wa hannunsa sauran kwana shida. Barin ban ruwa kuwa ba zance ba ne. Da ya yi wa Tabawa ƙorafi sai ta ce ita ba ta ga abin damuwa ba, mutum mai 'ya'ya biyar in an cire shi daga wasan ƙatti ai rufin asiri ne. Ta ƙara da cewa tulun ruwan ma zai yi masa kyau. Ya ture kwanon tuwo ya fita.

Tamu ne ya kawo mafita, kuma da niyyar tsokana ya kawo ta. Suna hutawa a gindin darbejiya ya ce shi can arewa inda suka taɓa kai shanu, rijiya ta fi ƙarfin hannun mutum. Icce ake gittawa a bakinta, a rataya igiya a kai, a ɗaura wa sa, sa ya yi ta tafiya har guga ya fito.

"Kaɗo," ya ce wa Alu, "tunda ka kasa jan mutane, koma jan shanu. Ina da akala in kana so."

Alu ya ce masa Bahillacen da bai taɓa dasa ko tushe guda ba, shi zai koya masa rijiya. Ya hau keke ya tafi ba sallama.

Washegari ya sari icce biyu masu gwafa ya kafa a bakin rijiyarsa, ya gitta wani guntun ƙirya mai santsi, ya rataya igiyar guga. Ya jefa guga, ya dafe igiya da hannu biyu wuri guda, ya kwanta baya, ya fara takawa. Guga ya fito. Sai dai shi Alu yana can nesa da rijiya, babu mai juye ruwan. Haka ya tsaya riƙe da igiya kamar wanda aka dasa, har Tabawa ta iso da fura. Ta ajiye ƙwarya ta dube shi ta dubi gugan da ke lilo. Ba ta yi dariya ba sai da ta juye ruwan a kwalbati.

"Ba don kai ni ka yi ba," ta ce. "Albasag ga ba ta yi ma kowa laihi ba."

Kwana goma sha tara suka yi haka. Aikin da yake gamawa da hantsi ya koma kai su azahar. Ƙafarsa ta yi hanya a ƙasa, doguwa, kamar turbar awaki. Maƙwabtan fadama suka sami abin yi. Wani ya riƙa yi masa kukan sa in ya wuce, wani ya aje masa dusa a bakin rijiya. Alu bai tanka wa kowa ba, wanda a wurinsa wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Laraba ta ƙarshe Malam ya hura masa usur sau biyu kawai. Ya ce zai tafi da shi a gaba, da sharaɗi ɗaya: in aka kore su a Birnin Kebbi saboda hannunsa, ya gama da ƙungiya. Alu ya ce ya ji.

A bayan a-kori-kura suka tafi, Tabawa ta cusa masa ƙullin dakuwa a aljihu. Filin cike yake da mutane. Igiyar gwamnati fara ce sabuwa, ta fi tasu kauri, tana warin mai. Waɗanda suka fara shiga wasu masunta ne daga bakin kogi, ƙarfafa, sun saba jan koma. Kafin a ce me, sun ci igiya hannu bayan hannu, an hura musu sau uku, an fitar da su suna ta rantsuwa cewa su suka ja. Alu ya kalli abin har ƙarshe, ya goge tafinsa a wando.

Karon farko da wasu malaman makaranta aka haɗa su, suka taka da su baya ba wahala. Karo na biyu shi ne na shiga zagayen ƙarshe, da leburorin gyaran hanya, masu takalma masu nauyi, 'Yan Guga kuwa ƙafa ba takalmi. Ana hura usur leburorin suka fizga, hagun Alu ta tashi. Gargaɗi na ɗaya. Aka kafe, ba mai motsi, ƙyallen da ke tsakiyar igiya na rawa a kan layi. Gumi ya sa igiya ta zame masa kaɗan, ya gyara riƙo. Gargaɗi na biyu. Ya ji muryar Tamu daga baya yana cewa ya tuna shi sa ne.

Sai na gaban leburorin ya yi tuntuɓe. Igiya ta saki a hannun Alu, sako-sako, kamu biyu ko uku. Shekara talatin da wani abu hannunsa ya san abin da ake yi da irin wannan. Cafka biyu da an gama, da duk sun taho. Alƙali na tsaye kusa da shi, usur a baki, ido a kan yatsunsa. Alu ya cije leɓe, ya matse igiya, ya ɗaga ƙafa ya taka baya. Taku ɗaya, taku biyu. Kafin na uku mutumin ya miƙe ya kafa takalminsa, igiya ta sake ɗaurewa.

Daga nan nauyi ne ya yi aiki. Leburorin sun fi su jiki, ƙasar kuma ta yi tauri ga mai ƙafa tsirara. A hankali aka jawo 'Yan Guga, taku bayan taku, har ƙyallen ya haye layi. An ci su. Ba a kore su ba.

Da aka tashi Alu ya kasa buɗe hannunsa. Sai da Tamu ya zo ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana cewa bai taɓa ganin Kaɗo mai taurin kai irin wannan ba. Na uku suka zo, aka ba kowa tawul da sabulu. Suka hau mota suka kama hanyar dawowa, har suka wuce rabin hanya. Can Malam Sa'idu ya leƙo daga gaba ya ce ranar Laraba kowa ya zo da wuri, Malam Alu a gaba, kuma za a nemo takalma.

"Da kun bar ni da hannuna," in ji Alu, "da yanzu kofi muka ɗauke da shi."

Malam ya ce da yanzu suna zaune tare da masunta.

Shekara biyar ya yi a gaban igiya bayan wannan. Sun sake zuwa Birnin Kebbi sau uku, sau ɗaya sun zo na biyu, ba su taɓa zuwa na ɗaya ba, kuma ba a taɓa korarsu ba. Daga baya aka canza wa Malam Sa'idu wurin aiki, 'yan dakon nan biyu suka tafi kudu da motocin albasa, Laraba ta koma rana kamar kowace rana. Alu ya sayi injin ban ruwa da gwiwarsa ta fara ciwo, ya yi ta zaginsa har ya saba da shi. Da ƙarfi ya ƙare ya koma Katanga wurin babban ɗansa, a can ya rasu da daminar 2011. Har ya bar duniya bai yarda dokar nan tana da ma'ana ba. Duk wanda ya tayar da zancen sai ya ce shi ya bi ta ne kawai don kada a kori mutum bakwai saboda shi.