Sandar Hagu ta Mudir Bakur

Ranar da Mudir Bakur ya buɗe gasar golf ta kamfaninmu ba ta taɓa fita daga raina ba, amma ba zan rantse a kan kowace kalma ba. Shekaru sun ja, littafin da na riƙa rubutu a ciki kuma ya ɓace lokacin da aka rushe gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka. A zatona shekarar 1385 ce ta Hijira, ko wadda ta biyo ta, makonni kaɗan kafin aikin Hajji.

A lokacin ni sabon tafinta ne a reshen Makka na wani kamfanin motocin alhazai, ban daɗe da gama jami'a ba. Ina cikin watanni shida na gwaji. Ga wanda bai san tsarin ba, a ƙarshen gwajin mudirin reshe, wato manaja, shi ke rubuta rahoto a kanka, in bai yaba ba sai ka nemi wani aikin. Mudirinmu dattijo ne haifaffen Makka, kakansa Basakkwace ne da ya zo a ƙafa. A gaban jama'a Larabci muke yi. In mu biyu ne sai Hausa, ina ce masa Ammi, wato baffana da Larabci.

Babban ofishinmu yana Jidda, inda injiniyoyi Turawa suka share fili a bayan gari suna wasansu. Babu ciyawa ko ɗaya, kewayen kowane rami yashi ne da aka jiƙa da baƙin mai. Gasarsu ta shekara kwaikwayo ce ta wata babbar gasa a ƙasar waje. Zakaran bara ne ke sa wa sabon zakara koriyar kwat, kuma kafin a fara, dattijon da ake son karramawa shi ke buga ƙwallon farko, kowa na tsaye shiru, Turawa sun cire huluna. A wannan shekarar aka zaɓi Mudir Bakur, domin ya fi kowa daɗewa a kamfanin. Bai taɓa riƙe sandar ba, kuma karramawa ba a mayar da ita.

Mai koyarwa shi ne shugaban gareji, wani tsohon Bature da direbobi ke kira Abu Shanab saboda gashin bakinsa. To shi ba Musulmi ba ne, ba zai shiga Makka ba, Mudir kuma shirin Hajji ya ɗaure shi. Sai aka sa ni a tsakani. Duk Alhamis in je Jidda a koya mini, in rubuta, in dawo in koya wa Mudir a filin ajiye motoci na Ka'akiyya bayan La'asar.

Mako uku muna abu ɗaya. In karanta masa yadda ake raba ƙafa da yadda ake riƙo, ya ɗaga sanda ya kai duka, ƙura ta tashi, ƙwallo tana nan a kan ɗan turkenta. Direbobi suna laɓe bayan motoci suna ƙunshe dariya. Wani ma na ji ya ce Mudir rijiya yake haƙa wa alhazai. Ni kuwa in na je Jidda sai in ce da alama akwai ci gaba, ko da yake ba za a yi saurin yanke hukunci ba.

A mako na huɗu Abu Shanab ya karɓi littafina ya rufe. Ya ce maganarsa nake ta dawo masa da ita, shi kuwa mutumin yake so in kawo masa. Yaya yake tafiya, ina ke masa ciwo, in abu ya suɓuce da wane hannu yake cafewa?

Na san amsar tun kafin ya rufe baki. Na sha ganin kofin shayi ya zame daga tebur, hannun hagun Mudir ya cafe shi kafin ya kai ƙasa, sannan ya yi maza ya mayar da shi dama kamar wanda aka kama da laifi. Na gani, na yi shiru, domin a tarbiyyarmu ba a ce wa babba bahago. Abu Shanab ya shiga ɗakin ajiya ya fito da wata tsohuwar sanda da aka ƙera wa bahagwai, ya ce ita kaɗai ce a Jidda, a saninsa.

Kwana biyu tana bayan ƙofar ofishina. Ranar da na kai wa Mudir ita, na shirya gabatarwa mai tsawo, na ce wataƙila, na ce mai yiwuwa, na ce masana sun saɓa. Mudir ya katse ni.

"Ya waladi, kai tafinta ne ko mai duba? Faɗi abin da ka zo da shi."

"Ammi, kai bahago ne. Sandar da muke ba ka ba taka ba ce."

Ya daɗe yana kallona, har na fara tunanin inda zan kai takarduna neman aiki. Daga baya ya ce tun yana shekara biyar kakarsa ta riƙa ɗaure masa hannun a cikin zane har ya koyi ci da rubutu da dama, kuma tun daga nan ba wanda ya sake ambata masa zancen. Ya juya sandar a hannunsa, ya ce ci da gaisuwa na dama ne, wannan ba ya canzawa, amma bai taɓa jin malamin da ya yi magana a kan sandar Nasara ba. A yammacin nan, a duka na uku, ƙwallo ta tashi ta bugi gefen wata mota. Direban bai yi ƙorafi ba.

Ranar gasa jama'a sun yi layi ta inda aka saba tsayawa, don su fuskanci mai bugu. Da Mudir ya zagaya ɗaya gefen ƙwallon, sai ya zama ya ba su baya. Ya tsaya ya jira. Abu Shanab, wanda ranar ce ya fara ganin ɗalibinsa da sanda a hannu, ya yafito mutane, manya da ƙanana suka tako yashi suka koma gabansa. Mudir ya yi bisimilla ya buga. Ƙwallon ba ta yi nisa sosai ba, amma ta tafi a miƙe. Sannan ya riƙe sandar a hannun hagu, ya bi layi yana gaisawa da dama.

An tabbatar da ni a aiki. A rahoton Mudir ya rubuta cewa ina da ido, sai dai bakina yana makara. Ban ga abin musu a ciki ba. Ku da ke aikin tafinta yanzu, abin da na ɗauka daga wannan shi ne, kai saƙo daidai rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne ka faɗi abin da ka gani a jikin wanda aka aike ka gare shi, ko da ya girme ka.

In akwai wanda ya halarta kuma yana raye, ina roƙon ya aiko mini da gyara. Direbobi sun yi shekaru suna cewa ƙwallon ta wuce gangar man da ke alamar tsakiyar fili. Ni a tunawata ta tsaya kafin gangar, da kamar taku goma. Amma a lokacin ba ƙwallon nake kallo ba, hannunsa nake kallo.