Ranbuwar da Aka Yi wa Ƙaltume

Ƙaltume, matar marigayi Hamadu direba, ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu ta Yelwa, nan Garuwa ta Kamaru, tun ina da haƙorana cif. Ni ce mai zuba mata ruwa. Hannunta ba ya rawa kuma ba ta gaggawa: dama kafin hagu, ruwan magarya, kafur a ƙarshe, ta tsefe kitso ta mayar da shi gida uku. Amma ba hannun mata ke nema ba, bakinta suke nema. Abin da ta gani a ƙarƙashin zane, can yake tsayawa. Ni da aka sani da baki a unguwar nan na sha lallaɓa ta, ban taɓa samun ko ƙwaya ba.

Shi ya sa Asta ta ɗora mata alƙawari. Asta ƙawarmu ce tun muna suyar kifi a bakin Binuwai. Ciwo ya kai ta asibiti, ta dawo da wani abu a jikinta da ba ta so kowa ya gani. Ranar da ɗanta zai ɗauke ta zuwa gidansa a Rumde Ajiya, ta kama hannun Ƙaltume a gabana ta ce, "Ke kaɗai. Ko wannan mai bakin, ta zuba ruwa tana kallon bango."

Ƙaltume ta ce, "In dai ina numfashi, ni ce."

Aka sa lambarta a wayar surukar Asta.

Da damina Ƙaltume ta zame a wani gidan rasuwa, gwiwa ta kumbura kamar tulu. 'Yarta Hidaya, wadda ke aiki a ofis tana aure can wata unguwa, ta kai ta wurin likita, aka ce ta huta. Ƙaltume ta ce a gaya wa masu mutuwa su ma su huta. Da suka dawo, Hidaya ta karɓi 'yar wayar nan da uwar ke ratayawa a wuya, wai za ta ƙara mata ƙara. Ta latsa, ta latsa, ta miƙa mata.

Daga nan waya ta yi shiru. In Ƙaltume ta kira mutum yana shiga, saboda haka ba ta zargi wayar ba, kanta ta zarga. Na kusa suna zuwa da ƙafa su yi sallama, na nesa kuwa ɗif. Ni ba ni da waya balle in gwada, katanga ce kawai tsakaninmu. Sai ta leƙo ta ce mini, "Ko hannuna ya yi nauyi ne ba a gaya mini ba?" Hidaya kuma ta daina kira, kullum sai ta hau moto, wato babur ɗin haya, ta zo da kanta. Har yabonta muka yi! Ni da bakina na ce Allah ya ba kowa 'ya irinta.

A kasuwa muka ji, wurin mai kifi, bayan la'asar: Asta ta rasu da safe, har an kai ta. Zafin garin nan ba ya barin a jira kowa. Muka hau moto, Ƙaltume na jan ƙafa. Surukar Asta ta tare mu ido jajur ta ce, "Goggo, mun kira ki. 'Yarki ta ɗauka, ta ce kina kwance."

Ƙaltume ta ciro wayar daga wuyanta. "'Yata ta ɗauki wannan? Ga ta a ƙirjina tun asuba."

Wata suka samo ta yi wankan, wadda ba zan kama sunanta ba. Kafin a share makoki, abin da Asta ta ɓoye ya zagaya rumfunan kasuwa. Ni ba zan faɗa muku ba. Ku je ku tambayi marasa kunya.

Washegari na ja Ƙaltume wurin Didier mai gyaran waya a bakin kasuwa. Ya duba ya yi dariya. "Mama, wayarki lafiya lau. Ranbuwa aka sa mata."

Ƙaltume ba ta jin Faransanci, amma wannan kalmar ta san ta. Ita aka gaya wa Hamadu ranar da kamfanin motocin kaya ya kore shi, ya dawo gida ya zauna a zaure bai sake miƙewa daidai ba. Ta dafa tebur ta ce, "Wa ya kore ni?"

"A'a Mama, ba kora ba ce! Juya kira ne. Duk wanda ya kira ki, sai ya faɗa wata lamba." Ya karanto lambar. Ta Hidaya ce.

Na ce masa, "Ɗana, an hana mutum aikinsa ba a gaya masa ba, a ƙasarku me ake ce masa?"

Ya sosa kai. "In cire?"

Ƙaltume ta ce, "Bar shi tukuna."

Da yamma Hidaya ta shigo da ledar lemo. Uwar ba ta amsa gaisuwa ba. Ta ce, "Da aka kira ki, an faɗi sunan mamaciyar?"

Hidaya ta ajiye ledar. "Inna..."

"An faɗa ko ba a faɗa ba?"

"An faɗa. Na san in na gaya miki za ki hau moto da gwiwar nan. Likita ya ce in kika sake faɗuwa ba za ki tashi ba. So kike ni ma in fita neman mai wanka?"

Na ce, "Ke da kika yi boko, ba a koya muku tambayar mutum kafin ku kulle shi ba?"

"Goggo, don Allah, wannan tsakanina da mahaifiyata ne."

"Har da Asta. Ita ba ta da bakin magana yau, ni ina da shi."

Hidaya ta fashe da kuka ta ce a ba ta wayar ta cire. Ƙaltume ta mayar da ita cikin riga ta ce, "Ba za a cire ba. Ke kika karɓi kiran, ke za ki amsa shi. Gwiwata kike tausayi? To, taki ƙalau take."

Haka ake yi har yau. A kira Ƙaltume, kiran ya faɗa wayar Hidaya, ta nemi izini a ofis ta zo ta ɗauke mu. Uwar na kan kujera 'yar tsugunno tana cewa dama tukuna, a hankali, rufe nan, 'yar na durƙushe a ƙasa hannu cikin ruwa. Farkon zuwanta amai ta yi a bayan ɗaki. Yanzu hannunta ya fara faɗawa, bakin ma ba laifi.

Wasu na ce mini ai ƙarshen ya yi kyau. Ya yi wa wa? Har yanzu in muka shiga layin masu kifi, akwai masu rage murya su ambaci Asta. Ƙaltume sai ta ajiye kifin da ta zaɓa ta juya. Ni nakan tsaya.