Dogon da Ya Shigo Ba Sallama

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba ta gizo ba ce, a gabana aka yi ta.

Shekarar da 'yata ta kawo ni unguwar Bronx a Amurka, na tarar da jikata tana jin Hausa sarai, amma ba ta mayarwa sai da Turanci, ni kuwa ko zo in kashe ki ban sani ba. Uwarta na aikin jinya a asibiti, sai mu wuni kamar kurame. Tsorona in koma ga Allah ban taɓa hira da jinina ba.

Wata rana ƙanƙara ta hana makaranta. Jikata tana ta canza tasha a talabijin, sai ta faɗa kan wani fim baƙi da fari. Daga baya na ji na Ingila ne, na zamanin da aka fara sa wa fim murya. Da gani masu shi ba su da hali: ɗaki ɗaya ne falo, shi ne ofishin 'yan sanda, kujeru kawai ake juyawa. In an rufe ƙofa bango ya yi rawa. Sautin kuwa kamar ana suyar ƙosai.

A fim ɗin an kashe wani attajiri. Sai na shiga ba da labarin yadda idona ya gani. Wani dogo ya faɗo gidan ba sallama, da takalminsa, bai gai da matar mamacin ba, sai buɗe akwatuna. Na ce ga makashin nan, marar tarbiyya. Wani mai furfura kuwa ya rusuna, ya yi ta'aziyya, ya kawo mata shayi. Na sa masa albarka.

Yarinya ta daure, ta daure, har ta kasa.

"Kaka, ba shi ba ne. Dogon police ne. Mai shayi ya kashe."

"Wanda ya yi gaisuwar?"

"Shi. Ya sa abu a cup."

Na ce ban yarda ba, sai ta yi mini bayani. Ta yi ta yi, Hausar na tsinkewa tana ƙullawa, har aka sa wa mai furfura ankwa.

Mai shayi aka tafi da shi. Dogon ya fita yadda ya shigo, ba sallama. Uwar ta dawo ta same mu muna gardama cikin Hausa, ta daɗe tsaye a bakin ƙofa. Jikar tana jami'a yanzu, takan kira ta tambaye ni ko har yau duk mai gaisuwa mutumin kirki ne. Ni kuwa ina nan, ina gode wa Allah, da Turawan nan masu bango mai rawa.