Mai Tausar Maraɗi da Bayan Kakana

Jiya a masallaci wani saurayi ya ɗago daga sujada, gwiwarsa ta yi ƙas, sai na tsinci kaina a zauren gidanmu na Jibiya, tun kafin a sa ni makaranta.

A wata bazara ciwon kwankwaso ya kama kakana, har salla a zaune yake yin ta. Ƙaninsa ya riga ya ce in ruwan shuka ya sauka bai miƙe ba, shi zai noma gonar kakana ta Daddara. Kowa a gidan ya san gonar da ta shiga hannun mutumin nan ba ta dawowa.

Wata Lahadi, ranar kasuwa, wani baƙo ya biyo masu jakuna daga Maraɗi, ƙasar Faransa kamar yadda muke cewa a lokacin. Ya kwantar da kakana rub da ciki a tabarma, ya shafa masa man shanu, ya daɗe yana murzawa, sannan ya dafa tsakiyar baya ya danna. Muka ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana karya busasshen kara. Ya ce ƙashi uku ne suka goce, yanzu sun koma mazauninsu. Kakana ya tashi, ya taka har bakin rijiya ba sanda.

Kakata kaɗai ba ta yi murna ba. Ta ce ita ta san maɗorin unguwarmu, ɗorinsa sai an ɗaure da kara an yi sati shida, ƙatti suna kuka. Wane irin ƙashi ne yake komawa gida da sauƙi haka? Ga shi zuwa Laraba ciwon ya dawo, Lahadi ta zagayo baƙo ya sake samo uku. Ta ce ƙasusuwan Malam sun zama awaki ke nan, kullum a kora su gida, kullum su fita. Ta zargi mutumin da ɓoye kara a hannun riga, ta sa ya naɗe hannun har kafaɗa. Ƙarar ta fito yadda ta saba, abin da ya ƙara mata zargi.

Sati na huɗu ta kira babban wana, ƙato mai dakon buhunan gyaɗa wanda ko mura ba ta kwantar da shi, ta ce ya shiga zaure yana dafe da ƙugu. Baƙo ya danna, aka ji biyar, ya girgiza kai ya ce an zo a kan lokaci. Kakata ta leƙo daga ƙofar cikin gida.

"Malam baƙo, wanga yaro jiya buhu biyu ya ɗauka a kai. In ƙashi biyar sun goce mishi, da mi ya ɗauka?"

"Inna, ni dai tsoho ya ce ya ji sauƙi. Ga shi nan, a tambaye shi."

Zaure cike da maƙwabta, wana yana ta dariya a tabarma. Kakana ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Baƙo ya ɗauki tandun mansa, bai sake zuwa ba. Da ruwan shuka ya sauka kakana yana zaune, ƙaninsa ya shiga gonar.

Sai a kwaleji na karanta cewa akwai ruwa tsakanin gaɓoɓi, in aka ja gaɓa iskar da ke cikin ruwan takan yi kumfa farat ɗaya, ita ce ƙarar. Mai lafiya da maras lafiya duk ɗaya. Kakata ta yi gaskiya, ba ƙashin da ya koma ko'ina. Amma na duba littafin ciki da bai, ban ga inda ya ce tausar ba ta rage ciwo ba.

Yanzu ni ma bayana ya fara ciwo. Ina zuwa wajen wani matashi mai tausa a Katsina, mai takardar shaida rataye a bango. Ba ya yi mini ƙarya, duk da haka nakan kalli hannun rigarsa. In ya fara bayanin iska da kumfa, nakan ce, "Likita, na sani. Kai dai danna."