Kokawar Ƙarshe ta Yaya Moutari

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu 2024, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran yayana Moutari Habibou a wani asibiti na Bobigny, kusa da Paris. Ni ƙanwarsa Shafa'atu ina bakin aikina na jinya a Lyon aka kira ni, aka ce ya faɗi. Na hau jirgin ƙasa da kayan aiki a jikina. Ko da na isa, an riga an lulluɓe shi.

Yaya, tun ranar nake neman wanda zan faɗa wa abin da ke cina, sai in tarar kai ne kullum nake faɗa wa. To ka saurare ni.

Mutanen Tahoua sun san ka a fagen kokawa. Ba ka taɓa ɗaukar takobin da ake ba zakaran gasar ƙasa ba, amma waɗanda suka ɗauka sun san ƙarfin damtsenka. Da ka zo Faransa babu kalangu, babu kirari, sai dakon kwalaye a wani sito na Vénissieux, kusa da Lyon. Da wannan dakon ka kawo ni karatu. Sanyin farko da na gani a Lyon, rigarka ta sanyi ka tuɓe ka ba ni, ka ce kai jinin ɗan kokawa gare ka. Daga baya matarka, Anti Ummukulthum, ta gaya mini tari ka yi ta yi har bazara.

Kowace Asabar kana tara samarin unguwar Minguettes a wani zauren motsa jiki kana koya musu kokawa. A nan ka haɗu da Nassim, ɗan Aljeriya, ƙato, wanda duk unguwa ke tsoro. Ya zo ne don ya kunyata ka gaban yara. Ka kayar da shi, ya tashi, ka sake kayar da shi, sannan ka kamo hannunsa ka kawo shi gida aka zuba muku shinkafa a kwano ɗaya. Yau Nassim magidanci ne, direban taram, jirgin ƙasa na cikin gari, kuma Baba yake ce maka.

Wata malamar teyatur, wato wasan kwaikwayo, ce ta gan ku, ta roƙe ku ku yi wasan wani jarumin Girkawan dā. Sunansa ya gagari bakinmu, sai muka laƙaba masa Mai Fatar Zaki. Ka zo gida kana ba mu labarinsa kamar ɗan garinku ne: hauka ya taɓa shi ya kashe ƴaƴansa da hannunsa, da ya farfaɗo sai aka ɗora masa ayyuka goma sha biyu ya wanke laifinsa. Ya shaƙe zaki, ya sare maciji mai kawuna da yawa, ya karkato kogi ya wanke garken da ya shekara da shekaru ba a share ba. Wasu dattawa a masallaci suka ce wannan labarin masu gumaka ne. Ba ka yi musu da su ba. Ka ce tatsuniya ce, kuma kana son samarinka su ga mutum mafi ƙarfi a duniya ƙarfinsa ya jawo masa nadama, sai ya ƙare rayuwarsa yana yi wa mutane bauta. Har Paris ka kwashe su, gidan kayan tarihi, ka nuna musu shi a jikin tsofaffin tukwane ya kama abokin karawarsa, kana cewa su duba ƙafarsa, irin kamun da kake koya musu ne.

Wurin da ka fi so a wasan shi ne kokawarsa da wani ƙato wanda duk lokacin da ya taɓa ƙasa ƙarfinsa ke dawowa, har sai da jarumin ya ɗaga shi sama ya riƙe. Kana dariya kana cewa a Tahoua wanda ya taɓa ƙasa shi ya faɗi, su kuwa Girkawa sun juya abin. Nassim ne ƙaton. Kai ne mai ɗagawa.

A watan Maris likita ya ce zuciyarka ta kumbura, ka bar ɗaukar nauyi. Ni na karanta sakamakon, kuma aikina ne, na san me yake nufi. Na roƙe ka. Na yi kuka, na yi fushi, na ce zan haɗa ka da Inna. Lokacin an gayyace ku Paris, samarin da ba su taɓa hawa dandamali a wajen Lyon ba suna ta murna. Ka dube ni ka ce:

"Shafa, in na janye, wa zai ɗaga Nassim? Wannan kaɗai, daga shi na bari."

Ba ka ma kai ranar wasan ba. A wurin gwaji ne, da rana tsaka. Nassim ya ba ni labari cewa ka ɗaga shi kamar kullum, sai ya ji ƙarfinka yana ƙarewa. Ba ka sake shi ba. A hankali ka sauke shi har ƙafafunsa suka tsaya, ka tambaye shi ko ya ji ciwo, sannan ka durƙusa.

Yaya, ka ga yadda ka bar mu. Nassim ba ya cin abinci, yana cewa nauyinsa ne ya kashe ka. Ina gaya masa kwana ne ya ƙare, kuma na yarda da haka, amma in na koma ɗaki ni ma sai in ce me ya hana ni bin ka Paris in tsaya a bakin ƙofar. Ɗanka Yanis ya daina magana da kowa. Anti Ummukulthum tana takaba a hawa na tara, ba uwa kusa, ba ƴar'uwa, sai ni, ni kuwa ban iya rarrashi ba, kai ne ka iya.

Abin da ya fi ƙarfina shi ne Inna. Tsufa ya fara cinye mata tunani. Na gaya mata a waya, ta yi salati, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Juma'ar da ta biyo, lokacin da ka saba kiranta, sai ta sa aka kira ni, ta ce Moutari bai kira ba, lafiya? Na sake gaya mata. Ta sake jin mutuwarka sabuwa fil. Jiya ma ta kira. Na ce mata kana wurin aiki. Ta ce in gaya maka ka rage wahalar da kanka, ka girma. Ga saƙonta na isar, Yaya. Ban san me zan ce mata Juma'a mai zuwa ba.

Ya Allah, ga bawanka Moutari ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sauke shi a hankali yadda ya sauke ɗan mutane. Ka sa dakon da ya yi dominmu ya zama nauyi a mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti Ummukulthum da Yanis, da Nassim da samarin Minguettes, da dangi a Tahoua. Allah ya ba mu haƙurin da ba mu da shi. Inna kuwa, ya Ubangiji, kai ka san yadda za ka sanar da ita, ni na gaza. Amin.