Ƙafar da Inna Ta Kai Shaida

Ƙafata ta hagu tana da murya. In na sa silifas, tun daga bakin layi ake sanin ina tafe, ɗaya ta taka shiru, ɗaya ta ce faɗ. Tafin ne ya saki, ba ya ɗagowa da kansa, sai na ɗaga gwiwa kamar mai tsallake kwata sannan in yar da shi. Yaran makarantarmu a Samaru sun raɗa mini sunaye iri-iri, ni kuma na fasa wa wasunsu baki, don ƙafa ce ta mutu, hannu lafiyarsa lau.

Allura ce ta yi mini haka. Ina 'yar shekara shida, lokacin muna haya a Muchia, zazzaɓi ya kama ni, Inna ta goya ni zuwa kemis ɗin bakin titi. Mai shagon ya yi tafiya saro magani, ya bar yarinyar da ke taya shi, wata budurwa Kirista da iyayenta suka zo daga kudu. Ita a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Kowa a unguwar, Sista yake ce mata, alhali ko ƙofar makarantar jinya ba ta taɓa leƙawa ba. Ita ta yi mini allurar a ɗuwawu, ta sami jijiya. Abin da na iya tunawa shi ne wata wuta da ta sauka daga kwankwasona har yatsu, sai kuma ƙafar ta yi shiru.

Baba direba ne a jami'a, mutum ne da ba ya barin sai ta kwana. Ya kai magana wurin 'yan sanda, ta kai kotu. Mai kemis ya sulale ya bar gari, yarinyar ta sha ɗauri na watanni saboda yin allura ba lasisi. Inna ba ta je kotun ba, tana jegon ƙanina. Bayan nan muka tashi zuwa Samaru, aka yi mini takalmi mai ƙarfe da madauri har ƙwauri, wanda in na sa shi tafiyata takan kusa miƙewa. A gidanmu ba a kiran matar da Sista. Baba "waccan" yake cewa, Inna kuwa ban taɓa jin ta ambace ta ba, da alheri ko da sharri.

Ina aji uku na sakandare, wata Asabar da hantsi, muka ji sallama a zaure. Na leƙa na ga mace doguwa, ramammiya, ta yafa ɗankwali a kai ta durƙusa a gaban Baba. Ban gane ta ba, ita ce ta gane ni. Ba fuskata ta kalla ba, ƙafar ta kalla, ta kuma kasa ɗauke ido.

Abin da ya kawo ta shi ne wannan. Bayan ta fito ta yi shekaru tana sayar da gwanjo a kasuwar Sabon Gari, ta sake zana jarrabawar gama sakandare har sau uku, a ƙarshe ta sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Ta yi watannin gwaji, saura kaɗan a sa musu 'yar farar hular nan da ke nuna an karɓi ɗaliba, sai wani ya kai tsegumin cewa ta taɓa zaman gidan yari. Da aka tambaye ta ba ta yi musu ba. Aka dakatar da ita, aka ce kwamiti zai zauna, kuma yana son jin ta bakin iyalin da aka cuta. In suka kore ta shi ke nan, shekarunta sun wuce na sake neman wata makarantar.

Baba ya bari ta gama tsaf. Sannan ya ce ai ƙwarai kuwa za su ji ta bakinmu, ta tashi ta ba shi wuri. Raina ya yi fari tas. Na bi bayanta har ƙofa ina buga ƙafar da gangan don ta ji.

Ranar zaman ta faɗo daidai da wata tafiya da Baba zai kai malaman jami'a, ba halin ya ƙi. Yana ta ƙunƙuni, sai Inna, wadda ko kasuwa sai ta kama dole take zuwa, ta ce, "Malam, ku bar ni in kai ta su gani da idonsu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Baba ya dube ta da mamaki, ya ce madalla, haka ma ya fi.

Da safen ina ɗaura takalmina ta ce in cire, in sa silifas. Na gane nufinta, ko in ce na ɗauka na gane. Na zaɓi silifas ɗin da ya fi kowanne ƙara. A cikin bas, muna wuce Palladan, ina ta tsara maganganun da zan faɗa in an ba ni dama, masu zafi, har da waɗanda na aro a bakin Baba. Inna tana gefe ta rungume wata baƙar leda a cinya, leɓenta na motsi.

Ɗakin kwamitin dogo ne, daɓensa siminti mai santsi, mutum biyar a bayan tebur. A tsakiya shugabar makarantar take, dattijuwa cikin fararen kaya da tabarau a kan hanci. Matar tana zaune ita kaɗai a kujerar gefe, hannuwanta a tsakanin gwiwoyi. Aka ba Inna kujera ta ƙi zama. Ta ce mini, "Tafi har bangon can ki dawo."

Na tafi. Ban taɓa jin ƙafata ta yi ƙara irin ta ranar ba, faɗ, faɗ, ɗakin yana maimaitawa. Ban ƙara gishiri ba, ba a ma bukata. Da na juyo na ga wani likita a cikinsu ya ajiye biro, matar kuma ta sunkuyar da kai. Ina isowa Inna ta ce in sake. A zagaye na biyu daɗin da nake ji ya gudu, kunya ta kama ni, na ji kamar akuyar da ake juyawa a kasuwa. Amma na daure, ina cewa a raina yanzu za a yi ta ta ƙare.

Inna ta gyara mayafi. Ta ce sun gani, wannan aikin hannun yarinyar can ne, kuma haka 'yarta za ta yi ta tafiya har kabari, ba mai sauya shi. Ta ce akwai ranakun da in ta ji ƙarar ƙafar nan a tsakar gida abinci ba ya wuce mata. Har na ɗauka ta gama.

"Amma ni na ce ta yi," in ji ta. "Ƙwaya ta ba ni. Ta ce mai shagon ba ya nan, in kai yarinya asibiti in bai sauka ba. Na ce ban goyo 'ya tun daga gida don ƙwaya ba. Mu a wurinmu in ba a yi allura ba, ba a yi magani ba. Sau uku tana ƙi, na ce mata wace irin Sista ce ke da kike tsoron allura, a gaban mutane. Shi ne ta ɗauko."

Na juya na dubi uwata kamar yau na fara ganinta. Shekara da shekaru muna kwana ɗaki ɗaya, tana gasa mini ƙafar da ruwan zafi da man kaɗanya, ashe da wannan dutse take yawo a ƙirji. Shugabar ta cire tabarau ta tambayi matar ko haka ne, kuma me ya hana ta faɗa a kotu. Ta amsa a hankali cewa haka ne, amma uwar da ke riƙe da ɗa mai zafin jiki komai ma za ta iya roƙa, wanda sirinji ke hannunsa shi ya kamata ya ƙi.

Inna ba ta tsaya nan ba. Ta ce ba wanke ta ta zo yi ba, ta yi laifi kuma ta sha ɗauri, ita da ta matsa mata kuwa ko ofishin 'yan sanda ba a kira ta ba. Ta ce su da ke zaune sun fi ta sanin cewa yanzu haka a kemis-kemis na Sabon Gari ana nan ana soka wa yara allura, iyaye irinta suna tsaye suna cewa a yi. "Wannan dai ta san abin da allura ke yi, ta fi duk 'yan ajinsu sani. Hannun da ya yi wa 'yata haka bai iya ba ne. Ga shi ya kawo kansa. Ku koya masa."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, kuma ba na tausayin kowa ba ne. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda kan kama mutum in ya tsaya a gindin wani babban abu. Wannan mata da ke jin kunyar yi wa mai kayan miya ciniki, ita ce ta tsaya a gaban likitoci ta tona wa kanta asiri, ba wanda ya tambaye ta. Da aka ce ko ina da abin faɗa, duk maganganun da na tsara a bas sun watse. Na girgiza kai kawai.

A waje, a gindin wata bishiyar darbejiya, Inna ta buɗe baƙar ledar. Takalmina ne a ciki. Ta durƙusa a ƙasa, ɗalibai suna wucewa, ta ɗaura mini shi da kanta, ta ce in yafe mata tafiyar da ta sa ni, da abin da ya fi tafiyar. Na ce ni fa haushinta nake ji. Ta ce ai da gaskiyata, in ji, ba sauri.

A daren da Baba ya dawo ta faɗa masa komai. Ya yi kwanaki ba ya cin tuwon gidan, sannan wata rana ya dawo da tsire ya ajiye mata a bakin ƙofa, maganar ba ta sake tashi ba. Kwamiti ya bar matar ta ci gaba, da sharaɗin za a sa mata ido fiye da kowa. Ta zo ta nuna wa Inna hular, daga nan takan leƙo jefi-jefi in Baba ba ya nan. Ni gaisuwa kawai ke haɗa mu. Inna ma, duk da zaman da suke yi a tabarma ɗaya, "ke" take ce mata, ba Sista ba.

Matar tana shekarar ƙarshe a makarantar na taka ƙusa mai tsatsa a bayan gida. Da yake ƙafar ba ta ji sosai, ban sani ba sai da wurin ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ni. Aka yi dace ta shigo a ranar da rana tsaka, da kayan makaranta a jikinta. Ta durƙusa ta tambaye ni ko na yarda ta taɓa ƙafar. Na ɗaga kai. Hannunta da sanyi, ba ya rawa. Ta duba ta ce sai an wanke ciwon an yi mini allura, yau ɗin nan.

Hali zanen dutse. Inna ta ce to ai ga kemis nan a bakin layi, a aika a sayo ta yi mini a nan, tunda yanzu ta iya, me za a je a yi a layin asibiti. Matar ta ce a'a. Inna ta ce haba, yarinya na shan wuya, ga rana, ga Malam ba ya gari. Ta ce a'a. Inna ta soma ɗaga murya, ta ce ita da ta tsaya mata a gaban manya yau ita za a ƙi wa abu ƙanƙani.

"Mama, ko za ki tsine min ba zan yi ba," in ji ta. "Ban gama karatu ba, kuma nan ba asibiti ba ne. Ɗauko mayafinki."

Ta juya ta durƙusa, ta ce in hau. Ni da na yi tsawon Inna, ta goya ni kamar jaririya, ta nufi zaure. Ta saman kafaɗarta na waiwaya na ga Inna a tsaye a tsakar gida, hannu a baki, ta ji abin da bakinta ya sake faɗa. Ta daɗe a haka kafin ta fizgo mayafi a igiya ta biyo mu da sauri.

A bakin titi muna jiran mota Inna ta ce mata a hankali, "Da haka kika yi min a wancan karon."

"A wancan karon ban iya ba, Mama."

Inna ta kama ƙafata da ke reto a gefen matar ta tallafe ta da hannu biyu. Da bas ta tsaya, ta ce wa kwandasta ya matsar da mutane, Sista ce za ta shiga da mara lafiya.